Zan kai iyalina Legas su ga teku: ina za mu je, me za mu kiyaye?

"Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Bana Allah ya sa riɗi ya yi albarka, kuma ƙanena da ke zaune a Agege ya daɗe yana cewa in kawo iyali su ga Legas. Matata ɗaya, yara huɗu, babban yana da shekara 15, autar tana da 4. A cikinsu babu wanda ya taɓa wuce Kano. Mutanen gari suna ta ce mini Legas ba wurin kai mace da yara ba ce. Kwana biyar muke son yi. Shin akwai wuraren da magidanci zai kai iyalinsa cikin mutunci, ba tare da ya ƙarar da kuɗin amfanin gonarsa ba? Su dai yaran teku suke ta ambato."

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Malam, Allah ya ƙara wa gona albarka. Tambayarka gida biyu ce: ko Legas tana karɓar mutum da iyalinsa, sannan in an je ina za a sa ƙafa. Na yi shekara 19 ina harkar kayan gwari tsakanin Kano da kasuwar Mile 12, bakwai daga ciki iyalina suna tare da ni a can. Tun da na dawo gida kuma, da wuya shekara ta wuce ban raka wani gida na 'yan'uwa sun je sun dawo ba. Da abin da na gani a wannan zirga-zirga zan ba ka amsa.

Masu hana ka ba ƙarya suke yi ba, sai dai Legas ɗin da suka sani ita ce ta ɗan ci-rani: a sauko daga bayan tirela da asuba, a kwana a rumfar kasuwa, a wuni ana dako ko tura baro. Wanda ya shiga garin ta wannan ƙofa ba zai so matarsa ta biyo shi ba, kuma yana da hujja. Amma Bahaushe ba baƙo ba ne a Ikko. Tun a 1863 Baturen nan Glover ya tara Hausawan da ke garin ya kafa 'yar rundunar da ake ɗauka a matsayin tushen sojan Najeriya. Agege da za ka sauka tsohon zango ne na fataken goro da shanu, akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatai da Islamiyyu, akwai masu tuwo da masa da fura. Haka Idi-Araba, haka Obalende. Uwargida ba za ta rasa wadda za su gaisa da harshen gida ba. Abubuwan da ke ɓata wa iyali tafiya a garin biyu ne, cunkoson hanya da kuma shi tekun da yaran ke ambato, don haka a kansu zan fi tsayawa.

Yadda garin yake kwance

Legas ba kamar Kano ba ce da za ka fito daga Kurmi ka leƙa gidan zu ka dawo Fagge kafin la'asar. Ruwa ya raba ta. Akwai ɓangaren tudu, inda Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba suke, nan ne yawancin jama'a ke kwana. Akwai tsibiri, inda tsohon gari da Ikoyi da Victoria Island suke, sai Lekki da ta miƙe gabas a gefen teku. Gadoji uku ne suka haɗa tudu da tsibirin Legas, mafi tsawonsu ita ce Third Mainland mai kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990 zamanin Janar Babangida. Da safe jama'ar tudu suna kwarara tsibiri wurin aiki, da yamma su kwararo gida. Duk wanda ya faɗa cikin wannan kwarara da yarinya 'yar shekara huɗu a cinya, zai iya shafe awa uku a tafiyar da ba ta kai ta Ringim zuwa Kano ba.

Saboda haka dokar da nake kafa wa duk gidan da na raka ita ce yanki ɗaya a rana ɗaya. A fita da an idar da sallar asuba, a juyo kafin ƙarfe uku na rana. Ranar Lahadi da safe hanya ta fi kowace rana sarari, sai ka ajiye mata wurin da ya fi nisa. Ranar da kuka sauka kuma kada ka saka komai a cikinta. Tafiyar ta kai kilomita dubu, yara za su iso a galabaice, ga zufar Legas da ba ta bushewa a jiki saboda danshin iska. Su yi wanka, su ci abinci, su kwanta cikin gidan sauro.

Game da abin hawa, ku shida ne har da ƙaninka bakwai. Ka sa shi ya samo muku direban da ya sani, a yi jinga ta wuni ɗaya. Idan ka lissafa kuɗin danfo, wato ƙananan motocin haya na garin, hawa uku zuwa, uku dawowa, na mutum bakwai, bambancin ba shi da yawa, kuma ka huta da tsallaka titi da yara a Oshodi. Acaɓa kuwa ka cire shi a lissafi, tun watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a Ikeja da tsibiri da wasu ƙananan hukumomi.

Teku

Daga kan gada yara za su hango ruwa shimfiɗe iya ganinsu, da masunta a kwale-kwale, su fara ihun ga teku. Wannan tafkin Legas ne, ruwa ne kwantacce. Tekun Atilantika yana can bayan Victoria Island da Lekki, kuma tun kafin ka gan shi za ka ji rurinsa. Na kai dattawa wurin da suka tsaya suka kasa magana, sai tasbihi. Na ga wata gyatuma ta ɗebi ruwan ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce ashe da gaske gishiri ne. Wannan tsayuwar ita kaɗai ta isa dalilin tafiya. Kuma za ka iya koya wa yaran a nan take abin da suka karanta a Islamiyya, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Su yi alwala da shi su gani.

To amma, Malam, ka saurare ni da kyau a nan, domin ku mutanen bakin kogi ne. Yaron da ya tashi yana ninƙaya a kogin Haɗeja ya fi wanda bai iya ruwa ba shiga haɗari a teku, saboda shi ba ya tsoro. Kogi gaba ɗaya yake tafiya, ka san inda ya nufa. Teku zuwa yake yi ya koma. Igiyar ruwa tana tahowa ta fashe a gaɓa, ruwan da ta kawo kuma dole ya koma, sai ya janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Kana tsaye ruwa iya ƙauri, sai ka ji ƙasa ta zame, kafin ka gyara tsayuwa wata igiyar ta iso. Gaɓar Legas kuma tana da gangara, taku kaɗan ne tsakanin ruwa iya gwiwa da ruwan da ya sha kanka.

Akwai wanda ya fi wannan. Wani lokaci ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa yakan haɗu ya yi wa kansa hanya guda siririya, ya koma ciki da gudu kamar an fasa madatsa. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: babu farin kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu, ya kwanta. Nan uwa za ta ce yara su matsa, wai ya fi sauƙi. Wanda wannan ruwa ya ja, in ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo gaɓa kai tsaye, gajiya ce za ta kayar da shi. Dabarar ita ce ya bar ruwan ya ɗauke shi yana shawagi, ya yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga hanyar, sannan ya nufo tudu. Na taɓa raka wani gida da saurayi ɗan shekara 17, gwanin ruwa a garinsu. Ina juyawa in biya mai kwakwa, sai ihun mahaifiyarsa. Wasu masunta da ke gyaran taru a kusa ne suka fito da shi, ya sha ruwa har ya fita hayyacinsa. Allah ya yi da sauran kwanansa. Tun daga ranar, babu yaron da ke hannuna da ke wuce inda kumfa ke mutuwa a kan yashi.

Babban ɗanka shi za ka fi sa wa ido, ka yi masa magana tun daga gida, magana ta namiji da namiji. Autar kuma kada hannunta ya bar hannun babba. Uwargida da 'yan mata su san hijabi da zani in sun jiƙe nauyi suke yi su nannaɗe ƙafa, don haka su tsaya inda ruwa zai shafi tafin ƙafa ya koma. Kada kowa ya ba teku baya don ɗaukar hoto. Ni ɗan kasuwa ne, ba ma'aikacin ceto ba, in ka tarar da masu gadin ruwa a wurin, maganarsu tana gaban tawa.

Sai batun mutunci da ka ambata. Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu ita yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Yawancin bakin tekun da ya rage a wajen Lekki yana hannun 'yan kasuwa, ana biyan kuɗin shiga, wasu har sukan caji wanda ya shigo da abincinsa. Kuma wuri ɗaya fuska biyu gare shi. Yammacin Asabar da Lahadi akwai kiɗa da giya da shigar da ba za ka so 'ya'yanka su gani ba. Safiyar Talata ko Laraba, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, sai ka tarar da ku kaɗai ne da masu shara da masu dawaki. A nan mafitar take, ka zaɓi lokaci. Ka guji 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu da ranakun bikin Sallah. In yara sun so hawa doki, a yi ciniki a gama kafin a ɗora su.

Za a ba ka shawarar Tarkwa Bay, kuma gaskiya ne ruwanta ya fi kwanciya, domin katangar duwatsun da aka yi wa mashigar jiragen ruwa ta kare ta. Sai dai ba a zuwa sai ta jirgin ruwa. Idan za ku je, kowa ya sa rigar kariya a ɗaure ta sosai, har da wadda ta yi daidai da jikin autar. In babu ƙaramar riga, a fasa. Mu mutanen Jigawa mun san abin da kifewar kwale-kwale ke yi wa gari.

Motar Murtala da tsohon gari

Rana guda ka ba tsibirin Legas, domin wuraren suna kusa da juna. Ku fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Akwai kawunan yumɓu na Nok da aka tono a kudancin Kaduna, akwai kayan tagulla na Binin. Amma abin da ke tsayar da mutanenmu shi ne baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, ga hudojin harsasai a jikinta. Ka tafi da takardar naira ashirin a aljihu. Ka nuna wa yaran hoton da ke jiki, ka ce wannan ɗan Kano ne, shi ne mai asibitin da ake kai marasa lafiyar garinmu, a cikin wannan mota ya cika. Ban taɓa ganin yaron da ya manta wannan ba.

Daga nan da ƙafa ma za a iya isa dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya a daren 1 ga Oktoba 1960. Gumakan dawakin da ke ƙofar suna burge yara. Gaba kaɗan a titin Broad akwai Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulki da aka mayar lambu a 2010, an bar alamun ɗakunan fursuna don a ga ƙuncinsu. Da rana wuri ne mai inuwa da za a zauna a ci guzuri, da dare kuwa na makaɗa ne, ku bar shi kafin nan. Ku yi azahar a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka buɗe a 1988. Yana da kyau yaro ya bi sahu da Yarbawa ya ji Fatiha ɗaya ce. Kasuwar Balogun tana manne da wurin, uwargida za ta so leƙa atamfa da leshi. Kada ku kutsa da yara, cinkoson ya wuce na Kwari ana jajibirin Sallah. In ya zama dole, ta koma wata rana da matar ƙaninka.

Birai da jirgin ƙasa

Wurin da ƙananan za su fi so shi ne gandun Lekki Conservation Centre, kurmi mai faɗin hekta 78 da aka keɓe tun 1990. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadama, kana tafiya bishiyoyi sun rufe sama, birai suna tsalle a kanka. Akwai ɗawisu, akwai wani ƙaton kunkuru, akwai tafkunan kifi da fili mai rumfuna na zaman iyali. Ga yaron da ya saba da ƙirya da kuka da aduwa a warwatse cikin gona, shiga duhun kurmi wani abu ne dabam. Biran ba sa tsoron mutum, kada yaro ya riƙe ayaba ko biskit a hannu. A ciki ne gadar sama take, mai tsawon mita 401, tana lilo tsakanin kawunan itatuwa. Ba a barin ƙananan yara su hau, kuma kuɗinta dabam ne. Kai da babban ku hau, sauran su jira a ƙasa. Wurin yana da nisa daga Agege, wannan shi ne na fitar asuba.

Abu mafi araha kuma, wanda mutane ba sa lissafa shi cikin yawon buɗe ido, shi ne jirgin ƙasa na cikin gari. Jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana da tasha a Agege, ya bi ta Ikeja da Oshodi da Yaba zuwa Oyingbo. Shuɗin layi mai aiki da lantarki ya fara a 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, yana tafiya a sama ya tsallake ruwa, ya wuce ta gefen babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, mai siffar hular soja, inda aka yi bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977. Da katin biyan kuɗi da ake kira Cowry ake shiga, ƙaninka ya tanada, ya kuma duba lokutan tashi. Daga Marina za ku hango manyan jiragen ruwa ta wajen Apapa. A nan ka gaya wa yaran cewa layin dogon da ya ratsa Ringim ya nufi Nguru, shi ya riƙa kwaso gyaɗar kakanninsu zuwa wannan tashar jiragen ruwa, kuma riɗin da ya biya musu kuɗin mota, mai yiwuwa ta nan zai bi ya fita ƙasashen waje.

Badagry zan ambata a taƙaice. Can ne gidajen tarihin cinikin bayi suke, da sarƙoƙi da mari, da benen da aka gina a 1845, da gaɓar da ake loda mutane a jirgi ba su ƙara dawowa. Tarihin ya shafe mu, domin akwai Hausawa da yawa cikin waɗanda aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil. Sai dai tafiyar wuni guda ce cur ta wajen iyakar Jamhuriyar Benin, kuma abin ya yi wa 'yar shekara huɗu nauyi. In akwai rarar rana, ku je kai da babban.

Guzuri da lokacin tafiya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, ga kuɗin kaka a hannu ga ruwan sama ya ɗauke. Yuni da Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, tituna su cika, teku ya yi fushi. Ku hau safa ta kamfanin da aka sani, kuma duk yadda kuɗi ya matse kada a ɗora iyali a kan lodin tirela. Ku riƙe ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyen nama da garin kunu, domin abincin wuraren shaƙatawa ya ninka na gari. Amma ku ɗanɗana na mutanen garin. Amala tuwon garin doya ne, ewedu da za a zuba muku ai lalo ce, gbegiri miyar wake ce, sai dai a ce a rage wa yara barkono. Burodin Agege kuwa a ƙofar gida za ku same shi da zafinsa.

Kuɗin shiga wurare yana canzawa kusan kowace shekara, don haka ƙaninka ya tambayo ana saura mako guda, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan abin da ya faɗa. Kuɗin komawa gida ka ware shi ka bar shi a asusu, kada ya shiga aljihun yawo. In uwargida tana da juna biyu, ko wani yaro yana da sikila ko asma, a fara zuwa asibiti a ji ta bakin likita kafin a yanki tikiti, wannan ba hurumina ba ne. Hukuncin ƙasaru kuma ka tambayi limaminku, tunda kun yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu. Kowane yaro a rubuta lambar wayarka da ta ƙaninka a takarda a sa masa a aljihu, ita autar a maƙale mata a jikin riga da fil, kuma a koya musu cewa duk wanda ya ɓace ya tsaya cak a inda yake, kada ya bi kowa.